Filin Tambaya da Amsa: "Mutum 17 kacal na samu, wane gwaji zan yi?"

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk na masu bincike ne da suka maƙale a babi na huɗu, wato babin nazarin deta a kundin bincike, kuma kukansu ɗaya ne, mutanen ko dabbobin da suka samu ba yawa. Na zaɓo biyar, wasu na rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Salam Malam, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka taimaka min kaina ya kulle wlh. Ina digiri na biyu ne a ɓangaren lafiya, ina kwatanta sugan jinin masu ciwon suga da suka bi wani tsarin motsa jiki da waɗanda ba su bi ba, toh wasu sun fara sai suka daina zuwa, ƙarshe dai mutum 9 na samu a rukuni ɗaya, 8 a ɗayan. Sufabaiza ta ce tunda ban kai 30 ba kar ma in kusanci gwajin t, in yi Mann-Whitney kawai, wani ɗan ajinmu kuma ya ce in fara yin Shapiro-Wilk a manhajar lissafi ta SPSS, in p ya wuce 0.05 to detata lafiya lau take in yi t ɗina. Na yi ya ba ni 0.41. Yanzu wa zan bi? Ɗalibarka mai jiran difens.

AMSA: Wa alaikis salam Malama, amin summa amin. Kwantar da hankalinki, kowannensu ya riƙo wani gefe na gaskiya amma ba wanda zan ce ki bi ido rufe.

Mu fara da 30 ɗin nan da ta zama kamar doka a bakin ɗalibai. Gwajin t, wato lissafin da ke kwatanta matsakaicin rukuni biyu, dama can saboda ƙaramin samfur (mutanen ko abubuwan da aka auna) aka ƙirƙiro shi. Wanda ya fito da shi sunansa William Gosset, ma'aikaci ne a kamfanin Guinness da ke Dublin, aikinsa auna ingancin sha'ir da sauran kayan da kamfanin ke sarrafawa, kuma sau da yawa ɗan awo kaɗan yake da shi a hannu, lissafin zamanin kuwa na masu ɗaruruwan awo ne. A 1908 ya buga maganin matsalar a mujallar Biometrika da laƙabin "Student". Abin da ya yi shi ne ya sa lissafin ya riƙa tsananta miki gwargwadon ƙarancin mutanenki. Duba ki gani, in samfur na da yawa sosai ana buƙatar t ya kai 1.96 kafin p, wato yiwuwar ganin irin wannan bambancin alhali ba wani bambanci na gaskiya, ya sauko ƙasa da iyakar 0.05 da aka saba bi, in awo 30 ne sai ya kai wajen 2.05, in 10 ne 2.26, in 5 ne kuwa sai 2.78. Kin ga a wajen 30 bambancin ya kusa ɓacewa, wannan na cikin dalilan da lambar ta samu shiga, daga baya mutane suka juya maganar ta koma wai ƙasa da 30 t ya haramta. Sharaɗin t na gaskiya shi ne abin da kike aunawa ya kasance a cikin jama'a yana da siffar ƙararrawa ko kusa da haka, wato yawanci suna tsakiya, kaɗan a sama kaɗan a ƙasa, ba doguwar jela a gefe guda. Inda damuwar sufabaizarki take da tushe shi ne da mutum 8 ko 9, in wannan sharaɗin ya karye ba yawan da zai rufa miki asiri.

Shawarar ɗan ajinku kuma ita ce ta fi yaɗuwa kuma ita na fi tsoro. Shapiro-Wilk gwaji ne mai kyau na duba ko deta na da siffar ƙararrawa, tun 1965 ake amfani da shi, amma shi ma ƙarfinsa ya dogara da yawan mutane. Da mutum 8 ko deta ta karkace sosai sau da yawa ba zai iya kamawa ba, zai ba ki p babba ki ɗauka ya wanke ki alhali cewa kawai ya yi "ban gani ba". In kuma mutum dubu biyar ne sai ya yi ta ihu akan 'yar karkatar da ba ta da wata illa. Ma'ana lokacin da kika fi buƙatarsa lokacin ne ya fi rauni. Dan haka 0.41 ɗin nan kar ki jingina da shi.

To me za ki yi? Abu na farko gani ya kori ji, mutum 17 ai za ki iya kallon kowa da idonki, ki zana kowane mutum a matsayin ɗigo, rukuni biyu gefe da gefe. Akwai wani da ya yi nisa shi kaɗai? Sun taru a ƙasa wasu biyu sun haye sama? Na biyu, ki tambayi manyan binciken da aka riga aka yi akan irin awon nan, don su sun ga dubban mutane. Tsawon mutum da bugun jini suna kusa da ƙararrawa. Kwanakin jinya a asibiti, kuɗin shiga, yawan ƙwayoyin cuta a jini, waɗannan an san su da jela ta dama. Sugan jinin masu ciwon suga ma yakan ja jela ta sama saboda akwai waɗanda nasu ke tashi fiye da kima, irin wannan wani lokacin in aka ɗauki log ɗin lambobin, wato lissafin da ke matse manyan lambobi, sai su daidaita a yi t a kansu.

In ɗigon sun zauna daidai ba wanda ya fita zakka, ki yi t amma irin na Welch, wanda ya fito a 1947, shi ba ya tilasta cewa warwatsuwar rukunin biyu iri ɗaya ce. A SPSS shi ne layi na biyu a tebur ɗin sakamako, a manhajar R kuma shi take yi da kanta in ba ki canza ba. In kuwa kin ga jela ko wani mutum guda ya ja matsakaicin rukuninsa, to ki bi maganar sufabaiza. Mann-Whitney baya kallon lambobin kansu, jera mutane yake daga ƙarami zuwa babba ya yi aiki da matsayinsu, dan haka mai suga 400 da mai 260 in su ne na ƙarshe da na kusa da ƙarshe tazararsu mataki ɗaya ce kawai. Frank Wilcoxon ne ya fara kawo dabarar a 1945, Mann da Whitney suka faɗaɗa ta a 1947. Kuma ba gwajin marasa ƙarfi ba ne kamar yadda wasu ke raina shi, ko a inda deta take cikakkiyar ƙararrawa ingancinsa wajen kashi 95 cikin 100 ne na t a manyan samfura. Sai dai ki sani tambayar da yake amsawa daban ce, ba matsakaici yake kwatantawa ba, cewa yake in aka ɗauko mutum ɗaya daga nan ɗaya daga can, wanne ya fi yiwuwa ya ɗara ɗan'uwansa. Ki rubuta hakan yadda yake, kar ki yi Mann-Whitney sannan ki ce "matsakaicin suga ya ragu".

Abin da ba zan yarda ki yi ba shi ne ki gudanar da duka biyun ki leƙa ki ɗauki wanda ya ba ki p mai daɗi. Ki yanke hukunci daga siffar deta da abin da aka sani, ki rubuta dalilinki a babi na uku, in kina so ki kawo ɗayan a matsayin ƙarin dubawa ki faɗi abin da ya bayar ko ya saɓa.

Sannan akwai abu biyu da ba ki tambaya ba amma sun fi zaɓin gwajin muhimmanci a wajena. Kin auna sugansu kafin a fara motsa jikin? In kin auna to kina zaune akan dukiya, don mutane sun bambanta da juna tun asali, in kika yi lissafin da ya cire wannan bambancin na farko, misali ANCOVA da awon farko a ciki, hayaniyar detar za ta ragu sosai kuma mutum 17 ɗinki za su yi miki aikin da ya fi na yawansu. Na biyu waɗanda suka daina zuwa, su waye? In waɗanda jikinsu ya yi tsanani ne suka gudu daga rukunin motsa jikin to waɗanda suka rage dama masu sauƙi ne, kuma ba gwajin da zai gyara wannan, dole ki faɗi adadinsu da yanayinsu. Ki kai wa sufabaizarki zanen ɗigon nan cikin ladabi ku duba tare, kar ki je ki ce wani a mujalla ya ce ba haka ba ne, kin san halin difens.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni a lab nake, ɓeraye 3 na ba magani 3 ban ba su ba, amma kowane ɓera na yanka hantarsa na duba gilashi 10 a madubin likita, kenan ina da 30 da 30 ko? Na yi t ya ba ni p 0.001, murna nake amma wani siniya ya ce akwai matsala. Naka, ɗan lab.

AMSA: Ɗan'uwa siniyanka ya yi maka gata, gara shi da estanal, wato mai jarrabawa daga waje ranar difens. Kana da 3 da 3 ne. Gilashi goma daga hanta ɗaya ɓera ɗaya suke ba ka labari, ɓeran aka ba magani ba gilashin ba, kuma gwajin t yana ɗauka kowane layi a tebur ɗinka mai zaman kansa ne. Wannan kuskuren ya yi yawa har wani masanin muhalli Stuart Hurlbert ya rubuta doguwar takarda a kansa a 1984, yana kiransa maimaicin bogi. Gyaran mai sauƙi, ka ɗauki matsakaicin gilashi goman kowane ɓera, ka samu lamba uku a nan uku a can. Gilasan ba su tafi a banza ba, sun sa lambar kowane ɓera ta fi inganci.

Kuma kar ka ce to bari in koma Mann-Whitney tunda sun yi kaɗan. Lissafa da kanka, hanyoyin da za a raba ɓeraye 6 gida biyu uku-uku guda 20 ne, mafi tsananin sakamako shi ne duk ukun magani su kasance sama ko duk su kasance ƙasa, hanya 2 kenan cikin 20, wato 0.1. Ko maganin nan ya yi abin al'ajabi p ɗinka ba zai taɓa sauka ƙasa da 0.1 ba. Da 4 da 4 ne hanyoyin 70 ne, mafi ƙanƙantar p ya zama 0.029. Haka wanda ya auna mutum 5 kafin da bayan magani ya yi gwajin Wilcoxon na ma'aurata, ƙarshen abin da zai samu 0.0625, sai ya kai mutum 6 ƙofar ke buɗewa. Gwajin t zai iya ba ka p ƙarami da 3 da 3, amma kan amana ne, don lamba uku ba za su nuna maka siffar komai ba. In akwai hali ka ƙara ɓeraye, ka raba su da ƙuri'a, kuma mai duba gilashin kar ya san wanne ne na magani. In ba hali, ka nuna ɗigo shidan nan duka ka kira aikin gwajin share fage.

TAMBAYA: Malam ina yini. Mutum 24 na raba wa takardar tambayoyi, na yi chi-square tsakanin jinsi da ko sun warke ko ba su warke ba, sai ƙasan tebur ya rubuta min gargaɗi akan wasu gidaje da ba su kai 5 ba. In share in wuce? Sannan cikin 24 ɗin ba wanda maganin ya yi wa illa, zan iya rubuta cewa ba shi da illa? Ƙanwarka ma'aikaciyar jinya.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Kar ki share. Chi-square, gwajin da ke duba ko akwai alaƙa tsakanin abu biyu da aka ƙirga a tebur, kintace yake yi, kuma kintacen yana lalacewa in adadin da ake sa ran gani a gidajen tebur ya yi ƙasa, shi ya sa aka saba sa iyaka a 5. Lura, adadin da ake sa rai ake nufi ba wanda kika ƙirga ba. Mafitarki na nan a tebur ɗin da kanshi, ki sauko ƙasa kaɗan za ki ga gwajin Fisher, shi ƙirga duk yadda teburin zai iya fitowa yake yi ɗaya bayan ɗaya. Ronald Fisher ɗin nan na Ingila ya yi bayanin tunanin ne a 1935 da misalin wata mata da ta ce tana gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi, ya ce a ba ta kofi 8, huɗu haka huɗu haka, hanyoyin zaɓen 70 ne, dan haka mai canki-canka damarsa ta cin duka 1 ce cikin 70. Gwajin yana da ɗan rowa, p ɗinsa yakan fi girma kaɗan fiye da yadda ya kamata, amma dai ba zai yaudare ki ta ɓangaren murna ba. In kuma mutanen nan ɗin dai kika tambaya sau biyu, kafin da bayan, to gwajin McNemar ne naki.

Maganar illa kuwa a'a, kar ki rubuta haka. Akwai wata 'yar dabara da ake kira ƙa'idar uku, in ba ki ga abu ko sau ɗaya ba cikin mutum n, to ki raba 3 da n, abin da ya fito shi ne kusan iyakar saman da har yanzu ba ki kore ba. 3 a raba da 24, wajen kashi 12 cikin 100 kenan. Ma'ana maganin da ke cutar da mutum ɗaya cikin goma zai iya wucewa ta hannunki ba ki gani ba. Ki rubuta "ba mu ga illa ba cikin mutum 24" ki sa wannan iyakar a gefe. Haka ma kashi-kashi, in 8 cikin 10 suka warke kar ki tsaya a "kashi 80", ki ce 8 cikin 10 sannan ki ba da tazarar amincewa, wato iyakar ƙasa da ta sama da ake sa ran kashin gaskiya na tsakaninsu, ta hanyar lissafin Wilson, za ta ba ki daga wajen 49 zuwa 94. Tsohuwar hanyar da ake koyarwa a aji ɗaya in kika yi ta a nan sai ta haura kashi 100, kin ga kuwa an shiga shirme.

TAMBAYA: Malam wai gaskiya ne akwai wani abu bootstrap da ke maida mutum 12 su zama 5000? Wani ya ce min haka ake yi yanzu.

AMSA: Ba gaskiya ba ne. Bradley Efron ya fito da dabarar a 1979, kwamfuta ce ke ta sake ɗibar samfur daga cikin mutanenka 12 ɗin nan sau dubbai don ta kintaci yadda sakamakonka ke rawa. Mutanen dai 12 ne har gobe, abin da babu a cikinsu ba zai fito ba, kuma in samfur ya yi ƙanƙanta sosai tazarar da take bayarwa takan fi ƙunci fiye da gaskiya. In rukuni biyu kake kwatantawa gwajin cakuɗa sunayen rukuni, irin ƙirgen da na yi wa ɗan lab a sama, ya fi dacewa. Masu kwafe layuka a Excel su liƙa a ƙasa don lamba ta cika kuwa, wannan ƙirƙirar deta ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na gwada sabuwar hanyar koyarwa, ɗalibai 10 a nan 10 a can, waɗanda suka bi sabuwar sun fi da maki 6 amma p ya tsaya 0.09. Abokin aikina ya ce in riƙa ƙara ɗalibai biyu-biyu ina dubawa har ya faɗo, ko in sa shekaru da jinsi da aikin iyaye da sauransu guda takwas a regression ko Allah zai sa wani ya fito. Ni kuma har na fara rubuta cewa hanyar ba ta da amfani. Malamin makaranta.

AMSA: Malam tare da naka. Shawarwarin abokin nan duka biyu ka ajiye su, abin da ka fara rubutawa ma ka goge.

Jacob Cohen, wanda tun 1962 yake ƙorafin cewa bincike da yawa ba su da ƙarfin gano abin da suke nema, ya kasa girman tasiri, wato bambancin rukunin biyu a raba da warwatsuwar awonsu, gida uku, 0.2 ƙarami, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. In tasirin hanyarka matsakaici ne kana buƙatar ɗalibai 64 a kowane rukuni kafin ka samu damar kashi 80 ta kama shi, in babba ne 26. Da 10 da 10 damarka ba ta kai kashi 20 ba a matsakaicin. Kenan ko hanyar tana aiki da gaske, a irin bincikenka biyar sama da huɗu za su dawo da p babba. To ta ina za ka ce ba ta da amfani? Manhajar G*Power kyauta ce, za ta yi maka wannan lissafin cikin minti biyu, kuma kafin a fara tattara deta ya kamata a buɗe ta.

Ƙara mutane kana leƙe har p ya faɗo yana kumbura damar samun sakamakon ƙarya, don duk leƙe sabuwar caca ce kuma ka riga ka shirya tsayawa ne ranar da ka ci. Abubuwa takwas akan mutum 20 a regression kuma, wato lissafin da ke auna tasirin abubuwa da yawa lokaci ɗaya, lissafin zai haddace ɗalibanka ne kawai, ba abin da zai faɗa maka game da ɗaliban wani ajin. In ka yi gwaji 20 masu zaman kansu akan abubuwan da ba komai a cikinsu, damar aƙalla ɗaya ya fito ƙasa da 0.05 wajen kashi 64 ce. Wani abin da mutane ba su cika sani ba, ƙaramin binciken da ya yi sa'ar tsallake 0.05 yawanci ƙara gishiri yake wa girman tasirin, don sai bambancin ya fito da girma fiye da na gaskiya kafin ya iya tsallakewa. In za ka sa wani abu a lissafin to ka sa ɗaya, makin ɗaliban kafin a fara, shi ne ya fi kowanne rage hayaniya.

Akwai masu bin hanyar Bayes, su haɗa abin da binciken baya ya nuna da 'yar detarsu, tana da amfani amma da mutum 20 abin da ka shigar tun farko zai yi nauyi ƙwarai a sakamakon, sai ka shirya kare shi.

Abin da za ka rubuta shi ne bambancin maki 6 ɗin, tare da tazarar amincewarsa ta kashi 95. Da p 0.09 a 10 da 10, tazarar za ta faro daga wajen maki 1 ƙasa da sifili ta kai wajen 13. Sai ka ce sakamakon ya dace da rashin wani bambanci, ya kuma dace da riba mai girma, samfurin bai isa ya raba gardamar ba, sannan ka ba da warwatsuwar makin kowane rukuni da adadin ɗaliban da bincike na gaba zai buƙata.